Yadda Ɗorawar Gwaggo Maijidda Ta Zama Cikas

Jama'a, ku taya ni jaje, farar rigata ta zuwa Juma'a ta tafi. Ba wuta ce ta ci ta ba, ba gara ba, ci gaba ne ya same ta. Daga ɗaurin aure nake dawowa, rana ta take, na ce bari in ratsa ta gonata in sha inuwar ɗorawa kafin in ƙarasa gida. Na jingina da gindinta na lumshe ido, ina tunanin inda zan samo taki bana. Da na zo miƙewa sai na ji rigar tana riƙe ni ta baya. Ina waiwayawa na ga wata ƙatuwar alama ta jan fenti, ɗanye sharaf, irin wadda ake shafa wa gidan da za a rushe a birni, rabi a jikin bishiya, rabi a gadon bayana.

Haka na shigo gari. Maƙwabcina Tasi'u mai faci yana hango ni ya ajiye tayar da ke hannunsa.

"Malam Sabo, kai ma rushe ka za a yi?"

"Tasi'u, bar wasa. Wa ya shafa wa ɗorawa fenti?"

"Au, ba ka da labari? 'Yan kwangila ne suka wuce da bokiti ɗazu. Wai duk wani cikas da ke cikin gonaki za a kawar kafin tarakta ta iso. Taka ma tana cikin takardarsu."

To ga inda gizo ke saƙar: ɗorawar nan ba tawa ba ce. Ta Gwaggo Maijidda ce, ƙanwar mahaifina. Da aka raba gadon kakanmu, ƙasar ta faɗo wa mahaifina, bishiyar ta faɗo mata. Duk wanda ya tashi a karkarar arewacin Kano ya san wannan ba abin mamaki ba ne. Gonakinmu a matse suke, wannan na jikin wannan, kuma sau da yawa gona ta wani ce, kuka ko tsamiyar da ke tsakiyarta ta wani. Mai gona ya noma ƙasarsa, mai bishiya ya zo da ƙugiyarsa in lokaci ya yi, a gaisa, a rabu lafiya. Da kalwar ɗorawar nan Gwaggo take yin daddawar da ake rububinta a kasuwar Ɗambatta. Garin ɗorawar ta ba jikoki su dama, makubar da ake samu daga ɓawon a yi daɓe da ita. Da bishiyar nan ta riƙe 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta, kuma saboda ita ne har yau, da tsufanta, ba ta taɓa miƙa wa wani hannu ba. Bana kuwa bishiyar ta yi 'ya'ya kamar ba gobe, sai dai ba su ƙosa ba tukuna.

Yadda aka yi ta zama cikas kuwa, sai mun koma bara. Wani babban mutum ne ya zo mana da jerin motoci, wanda ni a wannan fili zan kira shi Mai Girma Sarkin Almakashi, don ban taɓa ganin sa ba face yana yanka ƙyalle a bakin wani abu. Allah ya ja zamaninsa, ya yi mana albishir da tarakta da taki da irin zamani. Amma ya ce kafin nan, Kwamitin Daidaita Bayanan Gonaki zai shigar da kowace gona cikin manhaja bisa wata ƙa'ida guda. Na tambayi wani mai ɗaurin wuya a cikin tawagar mece ce ƙa'idar bayanai. Ya ce in ɗauka kamar rubutun da ake yi a jikin buhu ne: ba shi ne hatsin ba, amma shi ke faɗin na wa ne, mene ne a ciki, daga ina ya fito. In kowa ya yi rubutun iri ɗaya, ba za a yi rikici ba. Wallahi maganar ta shige ni, har na tafa.

Da ma'aikacinsu ya zo gonata da waya a hannu, ya tambaye ni abin da nake shukawa. Na ce gero da dawa, wake a tsakani, gyaɗa ta ɓangaren jigawa, ga kuɓewar mai ɗakina a gefe. Ya ce in zaɓi ɗaya, gurbi ɗaya ne. Na ce to wanne zan ce ba nawa ba ne? Ya danna gero. Haka ya yi wa kowa. Shi ya sa a kwamfutar Kwamiti babu ƙwayar wake ko ɗaya a ƙasarmu, har na ji ana raɗe-raɗin kafa ƙaramin kwamiti ya binciko da me muke yin ƙosai.

Sai ya ɗaga kai ya ga ɗorawa.

"Wannan fa, Baba?"

"Ta Gwaggo Maijidda ce."

"Ba a gonarka take ba?"

"A gonata take, amma tata ce."

Ya yi ta murza wayar sama da ƙasa, babu gurbin mai bishiya. A ƙa'idar tasu gona tana da mai ita ɗaya da amfani ɗaya, duk abin da ya rage a cikinta kuwa sunansa cikas: dutse, suri, kududdufi, bishiya. Ya ce kada in damu, wannan siga ta farko ce, ta gwaji, za a yi ta gyarawa a hankali. Ya danna, ya wuce gonar gaba.

Ranar fentin, ko rigar ban cire ba na wuce gidan Gwaggo na zayyana mata. Ta saurara har na gama, tana tsince tsakuwa daga cikin faifai.

"Sabo, me ka ce sunan da suka sa mata?"

"Cikas, Gwaggo."

"Uban wa ta tare wa hanya? Tun kafin a yanka wa kakanninsu ragon suna take tsaye a wurin nan."

Washegari ta ɗauki tabarma da buta da carbi ta tare a gindin ɗorawa. Ta ce duk mai zarto sai dai ya fara da ita. Ni kuma ta ce tunda a gabana aka yi wannan ɗanyen aiki, in je in warware shi.

Na tura babur ɗina layin mai da hantsi, ban samu ba sai da inuwa ta karkata. Ba zan yi ƙorafi ba, don a layin nan na haɗu da abokan da rabona da su tun muna firamare, har muka sasanta wasu 'yan'uwa biyu da suka daɗe ba sa ga maciji. Wanda ya ce shugabanni ba sa ƙarfafa zumunci, bai taɓa bin layin mai ba.

Ofishin Kwamiti kuwa, gani ya kori ji. Na tarar da su a tsaitsaye sun yi da'ira, kowa yana faɗin abin da ya yi jiya da abin da zai yi yau. Na ɗauka kujeru aka sace. Ashe tsari ne, taron tsaye ake ce masa, don kada a ɓata lokaci. Na yaba ƙwarai, musamman da na ji cewa kuɗin zama dai ana nan ana biya. Bango guda kuma an raba shi gida uku, Za A Yi, Ana Yi, An Gama, an lulluɓe shi da 'yan takardu masu launi. Gidan farko ya cika har yana zuba, na ƙarshen kuwa fayau.

Shugaban masu haɗa manhajar, Injiniya Abdulkabir, mutum ne mai ladabi, ba zan ci amanarsa ba. Ya ba ni ruwa mai sanyi, ya saurare ni, sannan ya dafe kai.

"Subhanallah! Baba, wallahi kakata ma tana da tsamiya a gonar wani a Rimin Gado. Ƙa'idar ce muka ɗauko daga waje muka ɗora aikin a kai, shaf muka manta. Amma wannan ba matsala ba ce, fidbak ne, wato ƙorafin masu amfani da abu. Irinsa muke nema."

"Injiniya, ni dai fenti na gani."

"Bari in yi maka bayani. Mu yadda ake gina manhaja muke gina ƙa'idar nan. Ba ma jira sai abu ya kammala. Mukan saki da wuri, jama'a su yi amfani da shi, su kawo kuka, mu gyara, mu sake saki. Daga yanzu ma duk mako biyu akwai sabuwar siga."

Na ce madalla, wato a fara ɗinka wa mutum riga, in ya sa ta matse shi sannan a zo a auna shi. Ya yi dariya ya ce kusan haka ne. Ya ɗauko 'yar takarda ruwan ɗorawa, ya rubuta cewa mai bishiya yana iya zama daban da mai gona, ya je ya manna ta a gidan Za A Yi, can ƙasa, daidai gwiwata.

Na sa tabarau na karanta waɗanda ke samanta. Ta farko: gurbin suna ya yi wa Mai Girma kaɗan. Ashe in aka jero Alhaji da Dakta da ɗayan Daktan da Jagora da sarautun da ya tara, kwamfuta sai ta datse rabi, sunan nasa na yanka ma ba ya samun shiga. Ta biyu: a sauya launin shafin farko ya dace da hular da Mai Girma ya fi so. Ban ga laifinsu ba. Ai babba babba ne, kuma bishiya ba ta sa hannu a takardar albashi.

"To Injiniya, kafin layi ya zo kanmu, ka buga wa ɗan kwangilar waya mana, ka ce ya tsallake wannan."

"Ai ba a ƙarƙashinmu yake ba, Baba. Shi jerin da aka buga daga siga ta farko aka ba shi, a kansa aka yi kwangila. Sai sabon jeri ya fito zai canza, sabon jeri kuma sai daga sabuwar siga. In muka fara gyara da hannu, ƙa'ida ta lalace."

Na dawo gida da wannan. Gwaggo ta ce, "Wato ƙa'ida ce ba a so ta lalace." 

Siga ta biyu ta fito a kan lokaci, wannan kam na shaide su. Ta yarda mutum ya shuka abu biyu a gonarsa, mun gode. Sai dai ta ƙi karanta abin da ta farko ta rubuta, kamar ba uwa ɗaya uba ɗaya suke ba, dole aka sake tara mu a rana aka yi rajista daga farko. Bishiya kuwa tana nan a cikas. Siga ta uku ta zo da gurbin bishiya, muka yi murna. Da aka buɗe jerin sai ga mangwaro, ga gwaiba, ga tuffa, ga inabi. Babu ɗorawa, babu kuka, babu kanya. Tasi'u ya ce a rubuta inabi kawai a wuce wurin, Gwaggo ta ce ita ba za ta yi wa bishiyar ubanta ƙarya ba.

Duk wannan abin da ake yi, kukan zarton inji yana matsowa daga yamma. Yau a ji shi a gonakin bakin rafi, gobe a bayan makaranta. Kanyar gidan Liman ta faɗi. Gawon da makiyaya ke hutawa a ƙarƙashinsa ya faɗi. Abin da na lura da shi shi ne, duwatsu da surin da ke cikin jerin nan babu wanda ya taɓa su, suna nan daram. Cikas ɗin da ke ci da wuta kawai ake kawarwa, kuma kullum da yamma motar itace tana fita ta nufi gidajen burodi. Ni ban ce komai ba, na dai ce biri ya yi kama da mutum.

Gwaggo ba ta fasa zama ba. Kullum sai ta ɗaga kai ta dubi 'ya'yan, ta ce saura ƙiris su bushe. Ba a tsinkar ɗorawa ɗanya, kalwar ba ta yin daddawa. Ana cikin haka aka aiko daga Bacirawa cewa 'yarta Sakinatu ta haihu da ƙyar, an yi mata aiki. Wannan ba kiran da uwa za ta ƙi amsawa ba ne. Ta naɗe tabarmar ta miƙo min.

"Sabo, ga amana. Ko fitsari za ka yi, ka yi shi inda kake hango ta."

Na zauna. Na kai kwanaki ina gadi, mai ɗakina tana aiko min da fura. Rannan da safe waya ta yi ƙara, Injiniya ne, muryarsa har rawa take don murna.

"Baba, an gama! Siga ta huɗu. Ka zo yanzu ka gani da idonka."

Ni a zatona takardar da zan nuna wa ɗan kwangila zan karɓo. Na roƙi Tasi'u ya rufe rumfarsa ya zauna min, na hau babur. Mai ya ƙare a hanya, na sayi na bumburutu a kwalba, na ƙarasa.

Kai, aikin ya yi kyau! Ya juyo min da kwamfutar: ga gonata, ga gero da dawa da wake da gyaɗa, har kuɓewa. Ga bishiya da gurbinta. Nau'i, ɗorawa. Mai ita, Maijidda. Sai da na ji ƙwalla ta taru min.

"Allah ya yi maka albarka, Injiniya. To buga min takardar in tafi."

Ya sosa ƙeya. "Ai ba a sake ta ba tukuna, Baba. Tana kan kwamfutar gwaji. Na kira ka ne ka duba ko ta yi maka, don a tsarinmu sai mai ƙorafi ya gamsu. Sakin kuma sai an yi bikin ƙaddamarwa."

"Yaushe ne bikin?"

"Sai Mai Girma ya dawo. Yana ƙasar waje, wurin taron yaƙi da kwararowar hamada."

Ban san lokacin da na fito ba. Tun daga kan kwalta, kafin in karya kwanar garinmu, na hango sarari a inda ban saba ganin sarari ba. Na tarar da Tasi'u tsaye, maɓallan rigarsa sun tsinke. Ya ce ya rungume gindin, 'yan kwangilar suka ɓamɓare shi su huɗu. Shugabansu ya nuna masa takarda ya ce su aikin da aka ba su suke yi, in da gyara a kawo musu sabon jeri. Ɗorawar tana kwance ta cike gonar, an fara gunduwa-gunduwa da rassanta, awaki suna ta wawar 'ya'yan. Na zauna a kan kunyar gona na yi kuka, da gemuna da komai. Baƙin ciki ne da kunya suka haɗu min, don an ba ni amana na tafi kallon hoto.

Gwaggo ta dawo bayan suna. Na so ta zage ni, ko ta ɗaga min hannu, da na ji sauƙi. Ba ta yi ba. Ta je ta tsaya a kan kututturen, ta shafa shi, sannan ta sunkuya tana tsintar ɗanyun 'ya'yan da awaki suka rage tana zubawa a gefen zanenta, alhali ta fi kowa sanin ba za su yi komai ba. Ta ce da ni, "Tashi mu tafi, rana ta yi."

Mai Girma ya dawo lafiya, hamada ta ji a jikinta. Aka kafa rumfuna, aka jera kujerun haya, aka kawo shinkafa a 'yan robobi, maroƙa suka yi ta zuba kirari. Ya yanka ƙyallen da aka ɗaura a jikin kwamfuta, ya danna maɓalli, aka yi tafi. A jawabinsa ya ce bishiya rai ce, kuma a ƙarƙashin jagorancinsa an kafa tarihi, domin yau kowace bishiya a yankin nan ta san mai ita. Sunansa ya fito a allo cikakke, babu abin da aka datse. Tarakta dai ba mu gan ta ba. Ruwa ya sauka, muka yi huɗa da shanun haya kamar kullum.

Da la'asar ɗin ranar bikin sai ga Gwaggo da 'yar wayarta.

"Sabo, wani abu ya shigo, karanta min. Ko Sakinatu ce?"

Na karɓa na duba. Na so in ce kamfanin waya ne ke talla, amma ta kafe ni da ido. Na karanta mata: ana taya Malama Maijidda murna, an yi wa ɗorawarta rajista da sunanta. Ana tunatar da ita cewa jami'ai za su riƙa zagayowa duba lafiyar bishiyar, kuma duk bishiya mai rajista da aka tarar an sare, mai ita za a tuhuma.

Ta karɓi wayarta ta ƙulle a bakin zane.

"To, Alhamdulillahi," in ji ta. "Da tana raye ba tawa ba ce. Yanzu da ta mutu sun ba ni gawar, har da laifin kisan."

Don haka masu karatu, in kun ji an ce an gurfanar da wata tsohuwa daga wajen Ɗambatta bisa laifin sare ɗorawa, kada ku yi saurin zagin hukuma. Bincike ba zai yi wahala ba, ba a buƙatar shaida, komai yana cikin kwamfuta daidai wa daida. A ƙasar nan ba kullum ake samun aiki mai tsafta haka ba.